Dodon Hoton Mu'azu

Tun ina yarinya aka koya mani cewa hoto biyu ne, akwai wanda ake ba ka, akwai wanda ake riƙewa. Yaran yanzu ba su san na biyun ba, shi ya sa suke ɗaga waya a fuskar kowa kamar masu miƙa goro. Ni ma na kusa mantawa, sai ranar da wani maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya shigo gidan da muke zaune a Sabon Birni, ya durƙusa ya gaishe ni, aka ba shi ruwa ya ajiye bai sha ba. Ya ce mutanen daji sun tare su a hanyar Isa, sun sauke su daga babura, sun bi su ɗaya bayan ɗaya da waya suna tambayar wa ya san wannan Alhajin. Da aka kawo wayar gabansa sai ya ga ɗana Mu'azu. Tun daga ranar hankalina ya koma kasuwar Isa ta da, ya ƙi dawowa.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Sabon Birni da Isa, ya fi kusa da Isa. Ba sai na faɗi sunansa ba, ƙadangaru ne suka gaje shi yanzu. A zamanin da nake magana ba agogo ke tashin mutum ba, taɓarya ce. Gari na wayewa za ka ji gidan nan ya fara daka, na kusa da shi ya amsa, har ƙauyen duka ya ɗauka, kuma kowace mace ana gane ta da dukan turminta. Uwata tana da wani lugude da take yi idan ranta na da daɗi, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, ranar da ba a ji shi ba sai maƙwabta su aiko a tambaya ko lafiya. Daga nan sai ƙarar guga a bakin rijiya, da kukan jakan mutanen Gangara masu wucewa kasuwa, da hayaniyar tsuntsayen da ake tura mu kora daga gero muna kaɗa gwangwani har murya ta dushe. Aikina shi ne ɗebo ruwa, da surfe, da tsinko yakuwa a gefen gona, da kai wa maza fura idan rana ta take. Madubi ɗaya ne a gidanmu, ɗan kewayayye mai murfi, na uwata ne kuma ba a ba yara. Idan ina son ganin fuskata sai in leƙa randa kafin a tsoma moɗa.

Amma kada wani ya ce ba mu san fuskokin mutane ba, mun san su fiye da na yanzu. Mu Gobirawa ne, tun muna cikin tsumma wanzami ya riga ya tsaga mana kumatu, duk inda ka shiga tsagarka ta riga bakinka faɗin gidanku. Wanda ya mutu kuwa ba a rataye shi a bango, a jikin jikokinsa ake nemansa. Tsohuwa za ta kama haɓar jariri ta juya ta, ta ce ga goshin wane ya dawo, ga kunnen wance. Haka na san kakana na wajen uba wanda ban riska ba, an ce in dubi yayana Ummaru idan ya yi fushi. Na kuwa dube shi sau da yawa, don ba wuya nake sa shi fushi.

Mai gidan namu a gaskiya ita ce Kaka, uwar ubana, ko da yake ubana ne ke zama a zaure. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai sanda, ba haƙori ko ɗaya a bakinta amma maganarta na cizo. Ba ta yarda a bar komai na jikin mutum a waje ba. Idan an yi mana kitso ita ke bi tana tsince gashin da ya zuba ta cusa a tsagar bango, idan wanzami ya yanke wa maza farce ta sa a binne a gindin rumbu. Muna yi mata dariya a bayan ido, ta kuma sani. Sai ta ce, “Ku yi ta dariya. Ni dai ba a barin abin jikin ɗiyana ga hannun wanda ban san uwatai ba.”

A shekarar da Ummaru ya ƙudura zai tafi cin rani Kurmi idan an gama girbi, a shekarar ne Mai Akwati ya fara zuwa kasuwar Isa. Ba mu taɓa sanin sunansa ba. Mutumin kudu ne, Hausarsa a karkace, yana kafa kayansa a gindin wata tsamiya kusa da 'yan tabarmi. Akwati ne na katako a kan ƙafafu uku, da ido ɗaya a gaba mai murfi, da baƙin ƙyalle a baya, da wani hannun riga da aka ɗinka a gefensa. Samari suka yi ta zuwa, wanda ya dawo ya ƙara wa labarin gishiri. Malaman garinmu suka rabu biyu a kansa, wasu suka ce haram ne, wasu suka ce inuwa ce kawai aka tsare kamar ta cikin ruwa. Ummaru bai tsaya jiran su shirya ba. Ya ce yana so ya bar wa uwarmu fuskarsa a ɗaki kafin ya tafi. Ranar kasuwa na ɗauko tallan ƙuli-ƙuli na bi shi, yana kora ta ina ƙara matsowa.

Abin da ya fara ba ni mamaki ba akwatin ba ne, kayan aro ne. Ummaru ya zo da 'yar taguwarsa ta noma wadda rana ta cinye, Mai Akwati ya dube shi ya girgiza kai, ya buɗe wani kwando ya zaro babbar riga mai aiki a ƙirji, da hula, da agogon hannu wanda ba ya tafiya. Ya zaunar da shi a kujera, ya ɗora masa rediyo a cinya. Ni da na zagaya baya na ga rediyon ɓawo ne kawai, cikinsa nan mutumin ke ajiye goronsa. A bayan kujerar an rataye wani zane da aka yi wa fentin gidan bene da jirgin sama a kansa. Duk wanda ya zo, manomi ko makiyayi ko ɗan dako, rigar nan zai sa, rediyon nan zai rungume, don a wancan lokacin ba wanda ke zuwa a ɗauke shi yadda yake. Yadda yake ai kowa ya san shi. Yadda yake so Allah ya mai da shi, shi yake zuwa a ɗauka.

Mai Akwati ya cusa kansa cikin baƙin ƙyallen ya daɗe, ya fito ya gyara wa Ummaru haɓa, ya ce kada ya yi numfashi. Ya cire murfin idon akwatin, ya yi 'yan ƙunƙuni, ya mayar. Sai ya tura hannunsa cikin hannun rigar nan na gefe yana ta lalube kamar mai taya akuya haihuwa, wani wari mai kama da na tsami yana fitowa. Can ya zaro 'yar takarda jiƙaƙƙiya ya jefa cikin bokitin ruwa. Na matso kusa na leƙa. Ruwan na kaɗawa, ban ga komai sosai ba, sai da ya lafa na ga wani abu yana kallona daga ƙasan bokitin. Fuska ce fara fat, gashin gefen kai fari kamar na tsoho, farin ido ya koma baƙi, haƙora baƙi ƙirin. Amma tsagar kumatun nan ta gidanmu ce, ba ta ɓace ba. Na kwarma ihu na yar da faranti, ƙuli-ƙuli ya watse, awakin kasuwa suka samu rabonsu.

Mai Akwati ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, “Yarinya, ba tsoro. Wannan dodo ne, dodon hoto. Daga cikinsa na kirki yake fita.” Ya manna dodon a wani ɗan allo gaban idon akwatin, ya sake ɗaukarsa kamar yadda ya ɗauki mutum, ya sake lalube, sai ga Ummaru ya fito sak, baƙinsa baƙi farinsa fari, da riga da agogo da rediyo da bene. Aka ba shi wannan. Dodon kuwa na ga an jefa shi cikin kwandon da rigar aro take.

Da muka dawo gida, garin duka ya zo kallo. Hoton ya bi hannu hannu har gefensa ya yi laushi. Uwata ta yi kuka, ta ce ko ɗan sarki iyaka ke nan. Da aka kai wa Kaka, ta riƙe shi nesa, ta kawo shi kusa, ta juya bayansa ta duba, sannan ta ce, “Ƙaƙa anka ce sunan abin da anka yi mishi?”

Ubana ya ce, “Ɗauka, Inna. Ɗaukatai anka yi hoto.”

Ta ce, “Ɗauka. To, an ɗauke shi, ga shi kuma zaune gabana shina washe baki. Mi anka ɗauka ke nan?”

Ni da bakina ba ya riƙe magana sai na ce ai akwai wani Ummarun, fari, mai baƙaƙen haƙora, ana ce masa dodo, yana cikin kwandon Mai Akwati. Ummaru ya harare ni, na ga fuskar kakana. Kaka ta ajiye hoton a tabarma a hankali, ta ce a daure mata jaki ranar kasuwa mai zuwa.

Ta yi shekara da shekaru ba ta taka kasuwa ba, amma ta hau jakin nan, ni na ja akala. Ba mu kai ga tsamiyar ba wani mahauci da ba mu sani ba ya ɗaga wuƙa ya ce, “Sannu da zuwa, kakar mai rediyo!” Na dai ji sandar Kaka ta daki cikin jakin. Da muka isa muka ga dalili. Mai Akwati ya fitar da wani Ummarun daga dodon nan, ya manna a jikin akwatinsa cikin fuskokin baƙi don jan masu zuwa, duk mai wucewa sai ya tsaya ya duba, tsagar kuma ta gaya masa na wane gida ne.

Kaka ta nuna hoton da sanda ta ce, “Ɓamɓare wanga. Sannan ka ba ni hwarin.”

Ya ce, “Mama, dodo ba ya da amfani a wurinki. Ba wanda yake tambayarsa. Idan na ba ki, gobe hoto ya ɓace, ba zan iya yin wani ba.”

Ta ce, “Shi nika so. Kai da bakinka ka ce ɗauka ta. Abin da anka ɗauka ana maido shi ga mai shi.”

Mutane suka taru ana dariya, shi ma yana dariya, amma ya zazzage kwandon ya nemo dodon cikin na mutane da yawa ya ba ta, ya ɓamɓare na jikin akwatin ya haɗa mata. Ta naɗe su a bakin zanenta ta ƙulle da ƙulli biyu. Da muka koma gida ta sa su a ƙasan tukunyar da take ajiye farin ƙyallen likkafaninta. A ranar na ga kamar ta ci yaƙi, na yi ta tafiya a gaban jakin ina ɗaga kai.

Ashe mun makara. Ana tsakiyar yankan gero, garin duka yana gona har da tsofaffi, muka dawo da yamma muka tarar an ɗage asabarin ɗakin Ummaru, an birkice shimfiɗarsa, an tone ƙasan ɗakin, an kifar da tukwane. Ba a ɗauki komai ba sai wandonsa na sallah, shi ma ina jin don haushi ne. Rediyo ɓarawon ya zo nema. Wayyo, ranar an yi dariya a garinmu har da masu faɗuwa ƙasa, kuma abin ya bi Ummaru har ya tsufa. Duk abin da ake zance babu shi, sai a ce rediyon Ummaru ne. Kaka kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana zaune tana kaɗa zare ta ce, “Wanga ɓarawo na da kunya, ya jira sai da ba kowa. Ku roƙi Allah kada a yi marar kunya.”

Daga nan duniya ta yi ta sauya wa hoto riga ina kallo. Akwati mai ƙafafu uku ya ɓace, ban san ranar da ya daina zuwa ba. Bayan na yi aure aka buɗe shagon hoto a Sabon Birni, mai labule da fitila mai walƙiya wadda ke barin mutum yana ganin taurari da rana tsaka. Shi ba a ba ka nan take, sai an tara an kai birni an wanko, ka yi ta zuwa ana ce maka ba a kawo ba. Benen fenti yana nan, an dai ƙara masa furannin roba da wayar tangaraho marar igiya, rigar aro ma tana nan a rataye. Dodo ya ƙanƙance ya koma 'yar baƙar leda wadda sai ka ɗaga ta ga rana kake ganin mutum a ciki. Duk da haka ban taɓa barinsa ba. Ko na makaranta aka yi wa yaro, ko na katin asibiti, sai na je na tsaya a bakin shagon na ce a ba ni dodo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana jin kunyar abin, ya ce na mai da shi abin zance a majalisa. Na ce ya yi haƙuri, gado ne. Sai hoto mai launi ya zo, alhazai suka riƙa dawowa da nasu a gaban zanen masallaci. Sai aka yi kyamarar da ba a wanke mata komai, a ɗauke ka a juyo maka bayanta ka ga kanka. Sai kyamarar ta shige cikin waya, wayar ta shige aljihun kowa, har da na yaron da bai iya ɗaure wando ba. Ina da gwangwanin alewa cike da dodannin 'ya'yana, ranar da muka gudo daga ƙauye na bar tukwane da tabarmi amma shi na ɗauko.

Kalmar ma ta sauya a bakin mutane. A da idan aka ce an ɗauki wane, sai a ce a kawo mu gani, ya yi kyau? Yanzu a ƙasar nan idan ka ji an ce an ɗauke wane, mata salati suke sakawa. Turmi ya yi shiru a ƙauyukanmu, abin da kunne ke saurare shi ne ƙarar babura, ka tsaya ka ji ɗaya ne ko suna da yawa. Gonar da na yi wa korar tsuntsaye ba mai iya zuwa ya yanke abin da ya shuka. Muna nan cikin gari a ɗakunan aro, bangon wani, rijiyar wani.

Mu'azu shi ne autana, kuma shi ne na ƙarshe da wanzami ya tsaga a zuriyarmu, bayansa aka daina. Ba shi da komai sai babur mai tari. Kayan mutane yake ɗauka, albasa da barkono zuwa kasuwannin Nijar, ya dawo da aya da dabino, a ba shi ladan ɗauka ya auno mana gero. Da aka yi masa haihuwar namiji bayan mata, ranar suna wani abokinsa ya ara masa babbar riga da hula da tabarau. Babbar 'yarsa Nana ta ɗauke shi da wayarta a jikin bangon ƙasar nan namu, ta kai wa wani saurayi mai shagon waya a bakin tasha. Ban san yadda ya yi ba, ya cire bangon, ya sa Mu'azu a gaban wani gidan bene mai gilashi, hannunsa a kan farar mota. Na Mai Akwati ko makaho ya san fenti ne, wannan kuwa har inuwar Mu'azu tana kwance a jikin motar. Muka yi ta dariya, ni ma na yi, na ce rediyon Ummaru ya haihu. Nana ta sa shi inda ƙawayenta ke gani, ta rubuta Alhaji Babana a ƙasa. Na ce mata, “To, ina dodon?” Ta rungume ni tana dariya ta ce, “Inno, wanga zamani ba shi da dodo.”

Shi ne hoton da maƙwabcinmu ya gani a hannun mai bindiga. Ya rantse mani ya ce musu bai san mutumin ba. Na yarda da shi, amma ba shi kaɗai aka tare ba, kuma ba kowa ke iya ƙarya da bakin bindiga a haƙarƙarinsa ba. Da Mu'azu ya dawo aka gaya masa, sai ya yi wata busasshiyar dariya, ya kama gefen rigarsa da man babur ya ɓata ya ce, “Inna, dibi ni hwa. Wa za shi gan ni haka shi ce ni na Alhajin?”

Na ce, “Rigar an mayar wa mai ita. Kumatun hwa, wa za ka mayar wa?”

Ya shafa tsagarsa.

Washegari na ɗauki sandata na ce Nana ta kai ni shagon. Ba jaki, a ƙasa na taka, ina hutawa a inuwar shaguna. Saurayin yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, da ya ji abin da ya faru idonsa ya cika da ƙwalla. Na ce masa ba faɗa na zo yi ba, dodon na zo karɓa. Ya juyo mani da na'urarsa, ya nemo hoton, ya danna wani wuri, hoton ya ɓace. Ya karɓi wayar Nana ya yi mata haka. Ya ce, “Shi ke nan, Hajiya, na goge.”

Na miƙa tafin hannuna na ce, “To, ba ni shi nan.”

Ya ce, “Hajiya, ba abin da za ni ba ki. Wanga ba shi da na asali guda. Duk wanda yag gan shi ga wayatai, in ya so ya aje nai, shi ma shi tura ma wani. Wallahi ban san inda yak kai ba.”

Na ce, “Ba wani kwando da aka zuba su ciki?”

Ya girgiza kai. Na daɗe zaune hannuna a buɗe, mutane na shigowa sayen kati suna kallona. Kaka ta je kasuwa ta dawo da ƙulli a bakin zane. Ni na dawo da sandata kawai, kuma a hanya ban yi wa Nana faɗa ba, don kukan da take yi ya ishe ta.

Mu'azu ya zauna gida kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana goge babur ɗin da ba ya zuwa ko'ina. Geron da ke buhu ya sauka har aka fara kakkaɓe shi, matarsa mai jego ruwan nononta ya ja baya, jaririn yana kuka irin wanda ba ƙarfi a cikinsa. Na ce a sayar da tabarmata da bargona, ya ce ko an sayar na kwana nawa ne. Wata safiya na fito alwala na same shi ya aske gemu, ya sa rigar da ta fi kowace yagewa, ya naɗe rawani ya rufe kumatunsa har ƙarƙashin ido kamar Buzu. An riga an ɗaure buhunan albasa a babur. Ya durƙusa a gabana ya ce, “Inna, ba ta hanyar Isa za ni bi ba. Za ni in komo kahin la'asar, in Allah ya so.” Na so in ce kada ya tafi, sai jaririn ya sake kuka a ɗaki. Na ɗora hannu a kansa na yi masa addu'a, na bi ƙarar babur ɗin da kunne har ta haɗu da ta sauran gari.

Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ina zaune a tsakar gida ina tsince tsakuwa daga ɗan waken da maƙwabciya ta kawo mana, inuwar bango ta fara hawa ƙafata, sai wayar Nana ta yi 'yar ƙarar nan da take yi idan an aiko da abu. Na ga ta duba, ta tsaya cak. Ta ce lambar ba ta san ta ba, hoto ne, amma sabis ba ƙarfi, bai gama buɗewa ba. Ta kawo ta durƙusa kusa da ni muka sa ido tare. Duhu-duhu ne kawai da wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiya, kamar ruwan bokitin da bai lafa ba. A hankali ya fara washewa. Gindin itace. Mutum zaune a ƙasa, hannuwansa a baya, an cire masa rawani. Ƙasar da aka birkiɗa shi a ciki ta mai da fuskarsa fara fat, gashin kansa fari, bakinsa a buɗe baƙi ƙirin.

Nana ta ce, “Inno, ba Baba na ba. Wanga tsoho na. Ko ba haka ba, Inno?”

Na taɓa ganin fuskar nan a gindin tsamiya, kuma tsagar ta gidanmu ce, ba ta ɓace ba. A zamanin Kaka mutum ke dawowa gida a riƙe dodonsa a kasuwa. Ni dodon aka aiko mani har gida, aka riƙe mutumin. Na karɓi wayar daga hannun Nana, na naɗe ta a bakin zanena, na yi ƙulli ɗaya. Ban kai ga na biyun ba wayar ta fara kuka.